Zinaren Ya Tafi Dubai, Dalmar Ta Zauna A Tsakar Gida

A watan Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar gubar dalma a ƙaramar hukumar Bungudu, har ministan ma'adinai, Dele Alake, ya umarci masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba su fice daga wuraren haƙa a jihar Zamfara. Wata huɗu kacal ke nan bayan shi ministan ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka ƙaƙaba wa jihar tun Afrilun 2019. Bungudu kuwa ba bayan duniya take ba. Tana bakin babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ɗan taƙin tafiya daga fadar gwamnati. Ta ɗaya ɓangaren, a kan hanyar Funtuwa, ga Tsafe. Mutanen da ke sauka ramuka a dajin wannan yanki, su ne dai ke kwana a unguwanninmu, su ci kasuwanninmu, matansu su wanke musu tufafi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Duk wanda ke ganin gubar dalma matsalar mutanen Anka da Bukkuyum ce, to ya farka, ta iso ƙofar gidansa.

Wanda bai kai shekara ashirin da biyar ba, da wuya ya riƙe abin da ya faru a 2010, saboda haka dole a maimaita shi, kuma a maimaita shi dalla-dalla. Agwagi aka fara rasawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kula. Sai yara ƙanana suka shiga amai da ciwon ciki, jiki ya saki, sai jijjiga, sai mutuwa. Aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce iska ce. A watan Maris na wannan shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake wa laƙabi da Na-gari-na-kowa, suka lura maganin da ake ba yaran ba ya aiki, kuma sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa fiye da ƙima. Da aka kai jini gwaji, sai aka ga dalma ce. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, binciken da aka yi gida-gida ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar yaran da suka mutu a yankin ta haura 400. Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega, kowane ɗaya daga cikin sunayen nan gari ne da ya binne 'ya'yansa.

Yadda gubar ta shiga gidaje shi ne abin da ya kamata kowane magidanci ya haddace. Dutsen da ke ɗauke da zinare a wannan yanki, a wasu jijiyoyinsa akwai dalma mai yawa a haɗe. Ana fasa shi da guduma, a kai shi injin niƙa irin wanda ake niƙa dawa da masara, ya zama gari. Don gudun sata, kuma don mata da ke kulle su sami abin yi, sai aka riƙa kai dutsen cikin gida ana dakawa a turmi, ana shanya garin a kan tabarma. Ƙurar ta bi ko'ina: kan ƙasa, cikin randa, kan ƙwaryar abinci. Yaro mai rarrafe kuma hannunsa daga ƙasa sai baki. A wasu wuraren da aka auna, dalmar da ke cikin ƙasa ta ninka abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da shi a wurin wasan yara sau 250. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido ba ya bambance ta da sauran ƙura. Babba yana iya ɗaukar ta ya ci gaba da yawonsa. Jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin tsotse ta, kuma ƙwaƙwalwarsa take nufa.

Waɗanda suka mutu an yi musu sutura, Allah Ya sa masu ceto ne. Waɗanda suka rayu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jinin yaro da za a kira shi marar illa. Maganin da ake bayarwa yana janye ta daga jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa. Akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka shanye, akwai dubbai da ba a ganin komai a jikinsu sai dai karatu ya gagara, haddar allo ta gagara, a riƙa dukan yaro ana cewa daƙiƙi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan: dalma tana laɓewa a cikin ƙashi shekaru da dama, idan mace ta sami ciki sai ta sake fitowa cikin jini ta kai ga ɗan tayi. Yarinyar da take da shekara uku a Dareta a 2010, yau ta isa ɗakin miji. Bala'in da muke cewa ya wuce, yana nan yana jiran jikoki.

Me ya sa mutanen da suka gaji noma suka koma ramuka? Farashi. A 2001 oza ɗaya ta zinare ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A 2010 ta haura dala 1,200, kuma wannan tashin ne ya cika ƙauyukan Anka da injinan niƙa dutse. A Maris na 2025 ta wuce dala 3,000, kafin ƙarshen Oktoba ta wuce 4,000. A haɗa wannan da faɗuwar darajar naira, a haɗa da manomin Tsafe da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa ko suka ɗora masa harajin da ba zai iya biya ba, a haɗa da 'yan gudun hijirar da suka cika kangaye a Gusau. Abin da ya tura mutane rami a 2010 bai kai rabin abin da ke tura su yau ba. Ba na zagin wanda yunwa ta saukar da shi rami. Tambayata tana kan wanda ke can ƙarshen igiyar yana ja.

Domin zinaren Dareta bai tsaya a Dareta ba. Mai haƙa ya sayar wa ƙaramin dillali a bakin rami, shi kuma ya kawo wa babban dillali a Gusau, daga nan Kano ko Legas, ko a tsallaka da shi Nijar ko Togo, daga can sai jirgi zuwa Dubai. A shekarar 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Swissaid ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na zinare daga Afirka, fiye da tan guda kowace rana, mafi yawansa kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya nufa. Da zarar an narka shi an gauraya da wani, asalinsa ya ɓace. Daga matatar zai shiga hannun masu ƙera sarƙa da awarwaro, ya shiga rumbun bankuna, ya shiga cikin wayar salula da kwamfuta, domin akwai ɗan zinare a cikin kowaccensu. Kamfanonin da ke wannan ƙarshen manya ne, rassansu sun game duniya, kuma kusan kowannensu yana buga rahoto duk shekara mai ɗauke da hotunan yara suna murmushi, yana bayyana yadda yake kula da al'umma da muhalli.

A takarda, ƙa'idojin suna nan, kuma masu kyau ne. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da jagororin da suka ɗora wa kamfanoni nauyin kiyaye haƙƙin ɗan'adam a duk inda kasuwancinsu ya taɓa. A wannan shekarar ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta fitar da tsarin da ya ce duk mai sayen ma'adinai daga yankin da ake rikici, wajibi ne ya bi sawun kayansa har bakin rami. Tarayyar Turai ta mayar da irin wannan doka a kan masu shigo da zinare da kuza da wasu ma'adinai biyu tun daga Janairun 2021. To amma mene ne amfanin bin sawu idan mai binciken ya tsaya a ƙofar matatar da ke Dubai, aka nuna masa takardar da ke cewa wannan tsohon zinare ne aka sake narkawa, ya sa hannu ya koma gida? Wasu kamfanonin kuma wata dabara suka ɗauka: su ce su ba sa sayen komai daga masu haƙar hannu, hannunsu a wanke yake. Wannan bai rage ko buhu ɗaya na dutsen da ake niƙawa a Zamfara ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya bar mai haƙa a hannun ɗan fasa-ƙwauri da ɗan bindiga, zinaren kuma ya zagayo ta bayan gida ya iske su. Lokacin da ake kankare ƙasar gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuɗin daga ƙungiyoyin agaji da gwamnatoci suka fito. Waɗanda zinaren ya ƙare a hannunsu ba su da suna balle a aika musu da takardar biya.

Wannan fuska ɗaya ke nan, ta mai saye da ba a gani. Akwai ta biyu, kuma ita ce ke tafe yanzu da aka buɗe ƙofa: kamfani mai lasisi daga Abuja, mai manyan motocin tono, sau da yawa da sunan ɗan ƙasa a gaba da kuɗin baƙo a baya. Gwamnatoci suna ta zawarcin masu zuba jari, kuma ba laifi ba ne, domin kamfanin da ke da adireshi ya fi daji da ba shi da mai shi. Sai dai na san yadda irin wannan zuwan yake farawa. Za a zo gaisuwa fada. Za a haƙa rijiyar burtsatse a kafa allo mai sunan kamfani. Da azumi za a sauke buhunan shinkafa da sukari, a ba wasu kujerar Makka, a yi wa aji biyu fenti, a ɗauki hoto. Hoton nan shi zai shiga rahoton shekara a matsayin shaidar cewa kamfani ya sauke nauyin al'umma. Jama'a, kyauta daban, hakki daban. Wanda ya karɓi kyauta godiya ce tasa. Mai hakki shi ke da bakin tambaya: ina za ku zubar da dagwalon da kuka wanke dutse da shi, wa zai cike ramin idan kun tashi, wa zai biya idan jinin yaranmu ya nuna guba? Rijiyar burtsatse ba ta amsa ko ɗaya cikin waɗannan, musamman idan ruwan da ke ƙarƙashinta ya gurɓace.

Mu a nan ba baƙin kamfanonin ƙetare ba ne. Tun da layin dogo ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, auduga da gyaɗar wannan ƙasa suka riƙa tafiya Ingila. Ƙungiyar Turawan auduga ta BCGA ta kafa injin gurza a Gusau, kantunan Turawa suka jeru, daga baya masaƙa ta zo ta ɗauki ma'aikata. Da kasuwa ta juya, kowa ya naɗe tabarmarsa. Auduga dai ba ta bar guba a ƙasa ba. Darasin da ya fi zafi yana madatsar ruwan Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar a shekarun 1970, aka tashi dubban manoma daga gonakinsu da gidajensu, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Abin da ba a daidaita shi ba kafin motar tono ta fara aiki, da jini aka nemi daidaita shi daga baya, kuma bai daidaitu ba.

A leƙa Nijar. A Akokan, kusa da Arlit, kamfanin Cominak da a lokacin yake ƙarƙashin Orano na Faransa, wanda a da ake kira Areva, ya kwashe fiye da shekara arba'in yana haƙar yuraniyom, ya rufe a Maris na 2021. Ya bar tarin dusar ma'adini mai tururin guba da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20. Kamfanin ya ce yana rufe ta da yumɓu da duwatsu, mazauna garin da masu bincike kuma suna ta kokawa kan ruwan sha da iskar da suke shaƙa. A ƙasar Ogoni, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2011 gyara ɓarnar da kamfanonin man fetur suka yi zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Waɗannan manyan kamfanoni ne da duniya ta san su, masu ofisoshin hulɗa da al'umma, waɗanda suka gina asibitoci da makarantu. Idan haka ta kasance da su, me ake tsammani daga kamfanin da aka yi wa rajista bara, wanda gobe zai iya sauya suna?

Abin takaici shi ne doka ta ba mu makami, amma kaɗan ne suka san da shi. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ce duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, wannan kowa ya ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dokar ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk bayan shekara biyar. Ta tanadi neman amincewar mai ƙasa, ta tanadi diyya, ta tanadi asusun gyara muhalli da masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Akwai kuma dokar 1992 da ta ce sai an auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Iyayenmu sarakuna, iyayen ƙasa da hakimai, Allah Ya ja zamaninku, a hannunku wannan takarda take bi, kuma sa hannunku ake nema kafin na kowa. Kada a sa hannu a ɗaki. A karanta yarjejeniyar da Hausa a bainar jama'a, a gaban manoma da makiyaya da matan da za su ɗebi ruwan, a nemi lauyan da ba kamfani ne ya biya shi ba. A sa a ciki cewa za a gwada jinin yaran gari da ruwan rijiyoyi kafin a sari ƙasa, a ajiye sakamakon a fada da asibiti, domin ranar da guba ta bayyana, abin da kamfani zai fara cewa shi ne dama can akwai ta. A sa kuɗin cike rami su shiga asusu tun ana samun riba. Kamfanin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya faɗa muku abin da yake shirin bar muku.

Gwamnati kuma ta dubi tarihinta. An gano gubar a 2010, amma Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, sai da ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin kankare ƙasarsa, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kururuwa a intanet. Duk tsawon wannan lokaci likitoci ba su iya fara ba yaran garin magani ba, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Haramcin 2019, da hana jirage shawagi a sararin jihar da aka ƙara a 2021, ba su rufe ramuka ba. Sun dai kori masu bin doka, suka bar wa masu bindiga fili, suka kuma sa mai haƙa ya riƙa ɓoye aikinsa. Ɓoyon nan shi ne mafi haɗari, domin inda ake ɓoye dutse shi ne cikin gida, kuma uwar da ke tsoron a kama mijinta ba za ta gaya wa likita gaskiyar sana'arsa ba. MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jiha a 2022. Nauyin yanzu yana wuyan Gusau da Abuja, kuma ma'auninsa mai sauƙi ne: shin uwa a Kwatarkwashi ko 'Yankuzo za ta iya kai ɗanta asibitin da ke kusa a gwada jininsa a ranar, ba tare da an tambaye ta kuɗin da ba ta da su ba?

Dillalan zinare na Gusau, ku ne mahaɗar da ke tsakanin rami da jirgi, kun san wanda ya kawo, kun san wanda ya karɓa. Ku musulmi ne, kun san za a tambayi kowa ta ina ya samu dukiyarsa. Idan kuka haɗa kai kuka ce ba za ku sayi zinaren da aka niƙa dutsensa a cikin gari ba, ko wanda yara suka wanke, za ku yi abin da dokokin Turai suka kasa yi. Ku kuma kuna cikin haɗarin, domin zaibar da ake kama zinare da ita, idan aka ƙona ta a shago, hayaƙinta huhunku yake shiga, kuma illarta ga jijiya da ƙoda ba ta da wasa. Wadda aka wanke a rafi kuma ruwan damina zai gangara da ita, ga kogin Sakkwato ya ratsa Gusau ya nufi Bakolori, inda ake kama kifi ana noman shinkafa. Malamanmu, huɗuba ɗaya a kan wannan za ta kai inda sanarwar ma'aikata ba ta kaiwa. A 2010 sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin aka fitar da daka dutse daga gidaje, kuma mutuwar yara ta ragu ƙwarai bayan haka.

Kai kuma ɗan'uwa mai sauka rami, ba zan ce ka bari ba alhali ban ba ka abin da za ka ciyar da iyali ba. Amma kada dutse ko garinsa ya ƙetare ƙofar gidanka, ko da buhu ɗaya ne, ko da na dare ɗaya ne. Kada injin da ya niƙa dutse ya niƙa hatsi, kada buhun da ya ɗauki dutse ya ɗauki masara ko ya zama shimfiɗar yaro. A jiƙa dutse da ruwa lokacin niƙa don ƙura ta kwanta. Ka yi wanka ka sauya tufafi da takalmi a wurin aiki kafin ka ɗauki ɗanka. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ba su da abin yi a wurin wanki. Idan yaro ya fara amai da ciwon ciki ba dalili, ya daina wasa, ko ya yi jijjiga, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita ƙarara cewa a gidan akwai mai aikin zinare, a roƙe shi ya gwada jinin don dalma. Sauran yaran gidan ma a kai su a gwada, ko da lafiyarsu ƙalau ake gani.